Ƙafata ta daina jin nauyin Nafisa

Assalamu alaikum. Na ga saƙonninku, har da masu cewa aure na yi na ɓuya. Ina ma shi ne. Jinya na sha.

Tsofaffin shafin nan sun san ni da ƙanwata Nafisa. Yoga ta mutum biyu muke yi a tsakar gidanmu a Daura. Ni nake kwanciya a tabarma in ɗaga ƙafafu, ita ta hau, ta yi ta juyawa daga wannan tsayuwa zuwa waccan ba ta taɓa ƙasa ba. Da ta karkata, tafin ƙafata ke gaya mini inda ta nufa.

Wata safiya ta karkata, ƙafar hagu ba ta ji komai ba. Nafisa ta faɗo da kafaɗa.

Muka ce gajiya ce. Mu kuwa kowane ciwon baya da miƙa muke maganinsa, sai na ƙara miƙa, abin ya ƙara lalacewa. Ga zazzaɓin yamma, ga rama, har na koma dafa bango.

A asibiti a Katsina aka yi hoto, aka ɗebi jini. Likita ya ce tibi ce, wato cutar tarin fuka, ta ci ƙashin bayana, tana danne jijiya. Ni da ko tari ban yi ba.

Baba ya sayar da tumakinsa na Sandamu. Watanni ina kwance, ƙwayoyi tun kafin karin kumallo, suna mai da fitsari ja kamar zoɓo. Na ji tsoro ƙwarai. Nafisa ke juya ni a gado, kullum sai ta mintsini yatsan ƙafata ta tambaya ko na ji.

Alhamdulillahi, yau ina takawa. Amma da na tambayi likita yaushe zan koma tabarma, sai ya ajiye biro.

"Ki yi tafiyarki, ki yi sallarki a tsaye. Ɗaukar mutum kam, ki haƙura."

Har muka iso Daura ina kuka.

Na gode wa Allah, na gode wa iyayena da ku masu addu'a. Don Allah, in ƙafa ta mutu ko baya ya ƙi lafawa, ku bar miƙa ku je asibiti. In an ba ku magani, ku sha har ƙarshe.

Nafisa ta ce ba za ta hau ƙafar kowa ba. Ni na matsa mata, na kira 'yar kawunmu Bilki na koya mata ɗauka. Bidiyon da ke ƙasa nasu ne, ni na riƙe wayar.