Dawar da iska ba ta niƙa ba

Surukina mai injin niƙa ne a ƙauyensu, shi ya sa Baban yara ba ya iya wuce abin da ke juyawa bai tsaya ya duba ba. Tuƙin bas yake yi a Birmingham, ni kuma ina kula da tsofaffi. Wata rana hutunmu ya haɗu, ya fitar da ni daga Small Heath zuwa wani ƙauye da ke da tsohon injin niƙa mai aiki da iska.

Ginin jan bulo ne, dogo kamar rumbu, yana tsukewa ta sama. A kansa akwai hular katako mai fukafukai huɗu. Bayan hular akwai 'yar fanka, ita ke juya hular ta fuskanci iska duk inda ta taso. A ciki haƙoran katako ne ke sauko da ƙarfin iskar zuwa duwatsun niƙa. Dattijon Baturen da ke kula da wurin kyauta ya ce tun kafin jirgin ƙasa ya iso ƙauyen suke cin garinsa, har injinan birni suka kashe masa kasuwa.

Ni ƙafafuna ke ciwo, na nemi benci. Shi kuwa ya hau har sama, ya sauko da gari a gira.

"Hajiya, ba mai, ba bel, ba hayaƙi! Da Baba ya ga wannan."

"To ka kwana nan mana, ni zan koma gida."

"Ai shi injin ba ya mita."

Da muka je Manchester ganin 'yarmu, ya sayi dawa a wani shago a Moss Side. Ya ɗauke ta ya kai wa dattijon kamar yadda ake kai niƙa a gida, har yana tambayar ina layi. Dattijon ya yi dariya, ya ce ba a sake niƙa wa kowa ba tun yana yaro, sai dai a nuna wa baƙi. Amma in sanyi ya wuce, ranar da iska ta yi kyau, ya kawo.

Cikin sanyin nan ciwon ƙirji ya kwantar da Baban yara, bai tashi ba.

Na fita takaba ke nan council, hukumar da ta ba mu gida, suka ce flat ɗin ya yi mini yawa da ɗaki ɗaya. 'Yata ta zo kwashe ni zuwa unguwarsu Gorton. Muna haɗa kaya ta ciro ledar dawar daga bayan tukwane.

"Mum, please, ki zubar. Ina za mu kai wannan kuma?"

Na karɓe ledar. Washegari na hau bas zuwa ƙauyen ni kaɗai.

Iska na kaɗawa sosai, amma fukafukan na tsaye, an ɗaure su da sarƙa. Dattijon na kwashe kayan wurin. Ya ce tallafin council ya tsaya, katakon fiffike ɗaya ya ruɓe, babu mai gyarawa, za a rufe. Sai ya kalli ledar, ya kalli bayana, ya ga ba kowa. Ya cire hularsa.

"Ba zan iya kwance sarƙar ba," in ji shi. "Ki yi haƙuri."

Na juya zan tafi, ya ce in dakata. Ya jawo wani ƙaramin dutsen niƙa daga ƙarƙashin matakala, wanda ake ba 'yan makaranta su gwada. Ba irin na mahaifiyata ba ne, wannan mariƙi gare shi, juyawa ake yi. Na shimfiɗa mayafina, na durƙusa. Shi yana zuba dawar kaɗan-kaɗan, ni ina juyawa, har kafaɗata ta mutu. Sama da mu sarƙar na ta ƙara.

Garin bai yi laushi ba, tuwo ba zai yiwu ba. A Gorton na dama kunu da shi, na raba wa maƙwabta sadaka. 'Yata ta sha kofi ɗaya a tsaye, ta ce akwai tsakuwa a ciki, ta shanye.