Gaisuwar da Ba a Yi wa Inna Ba

Ko zan manta komai na zamana a Riyad, ban da wayar da na buga wata Talata da rana tsaka. Lokacin ina zanen lalle a wani shagon kwalliyar mata a unguwar Shifa, sati biyu da rasuwar gwaggona a Damagaram. Ban samu zuwa ba, kafil, ubangidan da ke riƙe da takarduna, ya hana ni hutu.

Tsakanin Azahar da La'asar shagon kan yi tsit. Wata 'yar Maraɗi da muke aiki tare ta turo mini littafin Hausa a waya, wai in rage tunani. Labarin zamanin ayari ne, kafin zuwan Nasara, na wasu 'yan mata biyu masu kaɗin zare da suka tashi tare. Ina cikin jin daɗinsa na kai inda ta fito fili cewa son da suke wa juna ya wuce na ƙawance.

Na yi jifa da wayar kan kujera. "A'uzubillahi! Ke, littafin maɗigo kika ba ni? A Saudiyya? So kike mudira, shugabar shagon nan, ta gani in rasa iƙamata ta zama a ƙasar?"

"To goge mana," ta ce tana dariya. "Wa ya riƙe miki hannu?"

Duk kaifin bakina ban goge ba, son jin ƙwaƙwaf ya hana ni. Kwana uku ina karantawa a ɓoye. Can wajen ƙarshe agana ta kashe ɗayar. Wadda ta rage ta je gidan makoki ta rasa wurin zama, don ba dangi ba ce. Ta durƙusa ta yi wa kowa gaisuwa, ita kuwa ba wanda ya ce mata ya haƙuri.

Nan Inna ta faɗo mini a rai. Aminiyar gwaggona ce. Tun da mazajensu suka rasu suke ɗaki ɗaya, kwano ɗaya, shekara sama da ashirin suna sana'ar ƙuli-ƙuli. Abin da ke tsakaninsu ban sani ba, ban kuma taɓa tambaya ba, Allah ne masani. Abin da na sani shi ne na yi wa kowa ta'aziyya, har maƙwabta, ban da ita.

Na kira babbar yayata. "Yaya, wa ya yi wa Inna gaisuwa?"

"Gaisuwar me? Ita dai ta zo ta yi mana. Ai ba jininmu ba ce. An ce ma ta daina fitowa. Kin san surutun mutane, kar ki jawo mana."

"Su yi ta yi," na ce, na kashe.

Nan take na kira Inna. Tana jin muryata ta fara, "Ayyo, 'yata ta Makka! Ya haƙuri? Allah ya jiƙan gwaggonki..."

"A'a, Inna. Yau ni zan yi miki. Ya haƙuri? Ya kewa?"

Sai na ji kuka, irin na wanda ya daɗe yana haɗiyewa.

"Har yau kunun mutum biyu nake damawa da safe," ta ce. "Ke ce ta farko, 'yar nan. Allah ya yi miki albarka."

Mudira na ta "yalla, yalla," wai in yi sauri, ga mai son lalle ta miƙo hannu tana jira. Wallahi ban motsa ba sai da Inna ta gama kukanta.

Shekara uku ta ƙara a duniya, kuma ba Juma'ar da ban kira ta ba. Na zana wa amare lalle ba adadi a garin nan, amma ba abin da nake alfahari da shi kamar wayar nan. Littafin bai mai da ni alƙalin kowa ba. Ya dai koya mini, duk gidan rasuwar da na shiga, in duba wa ke rakuɓe a bakin ƙofa, in fara gaisuwa daga kansa.