Benen Takarda da Na Kai Dubiya

Shekarun baya, da ɗana na fari ya samu zama a Guangzhou, ya aiko min da tikiti in je in ga inda yake neman abinci. Ni ban yi boko ba, wannan ma faɗa nake 'yata na bugawa. Amma ido gare ni. Na tsufa ina sayar da kayan ɗakin amare a Kano, ba a taɓa cusa min jabu ba. To wannan idon da nake taƙama da shi, shi ya kai ni ya baro.

Ɗana yana da ɗan lungu a shagon wani ɗan Chana a kasuwar Canaan. Lawban suke ce masa, wato maigida. Shi ya tsaya wa ɗana ya samu takardar zama, shi ke sa hannu duk lokacin da za a sabunta ta. Ranar da lawban ya janye hannunsa, ɗana tattara kayansa zai yi ya dawo gida.

Ɗana kullum yana kasuwa, sai ya ce zai biya min motar da ke zagayawa da baƙi. Na ce, “Kuɗin kallo? Ido nawa, ƙafa tawa, me zan biya?” Na samu wata Hajiya 'yar Kumasi a gidan abincin da muke ci a Xiaobei, ita ma ba ta son ɓarna. Katin jirgin ƙasa, gorar ruwa, dabino a leda, shi ke nan guzurinmu. Duk inda aka ce sai an yanki tikiti, mu leƙa ta ƙofa mu wuce. Doguwar hasumiyarsu ta bakin kogi daga ƙasa muka kalle ta. A wani lambu na ga tsofaffi sa'o'ina riƙe da mafici suna juya ƙugu da farar safiya, ba biki ba suna. Na riƙe baki na ce, “Hajiya, waɗannan ba su da surukai ne?”

Ana nan sai na ji ɗana a waya yana cewa an sallamo mahaifiyar lawban daga asibiti.

Na ce, “Kai! Uwar maigidanka ta kwanta har an sallamo ta, ina garin nan, ba ka kai ni dubiya ba? Ni na haife ka kuwa?”

Ya ce, “Hajiya, su ba sa son a riƙa yi musu zarya a gida.”

“Ciwo dai ciwo ne. Shirya mana.”

Ya shirya, ya ce zai sayi lemo da tuffa. Na ce shi ya kai lemo, ni na san abin da zan kai.

Washegari ni da Hajiyar Kumasi muna yawo a wata tsohuwar unguwa mai ƙananan lunguna, sai ga wani shago yana ƙyalli. Riguna, takalma, agogo, waya, har mota, duk na takarda, amma an yi su kamar ka taɓa su motsa. A tsakiya ga wani bene hawa biyu, girmansa kamar kwalin taliya, rufinsa ja, da talabijin a falo, da 'yar aiki a bakin ƙofa riƙe da faranti. Na ce, “Hajiya, wannan a ɗora shi kan kabet ɗin amarya ai an gama.” Ta ce wallahi sai dai a ce daga Dubai.

Mai shagon ya fito, muka yi nihaw, wato gaisuwarsu, na nuna benen. Ya yi wata tambaya da hannu, na gane yana nufin na wa ne. Na ce, “Mama. Lawban mama.” Na kwantar da kaina a tafin hannu don ya san tana kwance. Sai mutumin ya sunkuyar da kai, ya dafa ƙirji, ya rage kuɗin tun ban buɗe baki ba. Ɗan kasuwa ya yi ragi ba a taya ba! Da a Kano ne, nan take zan ajiye kayan in ce akwai magana. Amma araha ta rufe min ido.

A jirgi ma da na ɗora shi a cinya, mutanen gefena suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suka koma can nesa. Hajiya ta ce, “Kin gani, suna girmama tsofaffi.” Na ce, “Gara dai, ashe akwai tarbiyya.”

A masauki na lulluɓe shi da sabon zane. Ɗana ya kai hannu zai ɗaga, na buge hannun. “Ba naka ba ne.”

Ranar dubiya muka tarar da tsohuwar a kujera, an rufa mata bargo a ƙafa, duk ta zube, amma idonta kar a kaina. Lawban da matarsa suka kawo shayi. Na yi mata sannu da jiki, ɗana yana fassarawa. Sannan na ajiye kayana a tebur a gabanta, na yi bisimilla, na yaye zanen.

Matar lawban ta toshe baki da hannu biyu. Shi kuwa ya miƙe, fuskarsa ta yi jawur, ya fara magana da ƙarfi yana nuna ƙofa. Na waiwaya na kalli ɗana.

Ya ce, “Hajiya, kin kashe mu. Wannan kayan matattu ne. In mutum ya mutu suke ƙona masa, wai ya same shi a can. Kamar ki kai wa mara lafiya makara ne.”

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mai shago da ya dafa ƙirji, mutanen jirgi da suka gudu, duk suka dawo min a lokaci guda. Na kalli yaron nan da ya bar matarsa da 'ya'yansa ya zo nan yana kwana a ɗaki kamar akurki, na ce shi ke nan, da hannuna na rushe masa.

Sai tsohuwar ta buga sandarta a ƙasa. Ta sa aka matso mata da benen. Ta buɗe 'yar ƙofar da farce, ta leƙa falo, ta daɗe tana duban 'yar aikin. Sannan ta dube ni ta yi magana. Ɗana ya fassara min.

“Wai tana tambaya, ke kin tanadi naki?”

Na ce, “Gaya mata likkafanina yana ƙasan akwati. Daga Makka na zo da shi, da zamzam aka wanke shi. Gaya mata in na ɗauko maganarsa, ku 'ya'yana tashi kuke yi ku bar min ɗakin.”

“Hajiya, in faɗa?”

“Faɗa, ina kallon bakinka.”

Ya faɗa. Tsohuwar ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta nuna lawban da sanda tana ta zuba. Wai tun tana asibiti take son a zauna a yi wannan maganar, kowa sai ya ce mata ta sha miya ta yi barci. Ta ce a ɗora mata benen a saman kabet. In ta bar wa ɗanta, mai hawa ɗaya zai saya mata, kuma ba 'yar aiki.

Lawban bai raka mu ƙofa ba. Har na baro ƙasar, gaisuwa kawai ke haɗa shi da ɗana, ni kuwa abinci ya daina min daɗi. Sai bayan na dawo Kano ɗana ya kira ni ya ce lawban ya sa hannu a takardar. Ya miƙa masa ba ko murmushi, ya ce umarnin tsohuwa ne. Da ta rasu daga baya, lawban da kansa ya gaya wa ɗana cewa benen nan suka ƙona.

Ni dai na san takarda ba ta isa ko'ina, kuma na yi istigfari ba adadi. Har yau in na tuna lokacin da na yaye zanen nan sai tsikar jikina ta tashi. Yanzu in na ga abin da ban sani ba, komai kyansa, tambaya nake yi, ko da wanda zan tambaya ni na haife shi.

Amma akwai abin da na ɗauko a gidan nan. Sallar da ta biyo baya, da 'ya'yana suka taru, na sa aka jawo akwatin tsakar ɗaki, na fito da farin yadin na shimfiɗa a cinyata. Ƙaramarsu ta yunƙura za ta fita. Na buga sandata a ƙasa.

Ba wanda ya tashi sai da na gama.