Ranar da Na Jefar da Wejin Baba a Samaru

Unguwar Gabas, biyar da rabi na asuba

Ana sallame sallah na tayar da motar. Akori-kura ce, ta girme ni, shuɗiya ce a da, yanzu kuwa sai wanda ya san ta zai rantse da hakan. Da ita Baba ke yi wa 'yan kasuwa dakon kaya. An yi masa aikin ido, likita ya hana shi tuƙi, Kawu Sale kuma ya dage a ba wani direba, wai mace ba ta jan motar kaya. Ni na ce a ba ni. Wata shida na yi ina tuƙa ta Baba na gefena, lasisina kuma yana cikin jaka. Bayan kwana uku ana gardama Baba ya ce in gwada sau ɗaya ni kaɗai. In na dawo lafiya makulli nawa ne har ya warke, in na yi ɓarna a kira direban Kawu.

Har ƙofar gida ya fito da bandeji a ido, yana laluben bango.

"Hajara, kada ki taɓa birkin hannun nan. Wayarsa ta ci tsatsa, in kika ja ba ta komawa. Duk inda kika tsaya ki bar giya a lamba ɗaya, ki sa weji."

"Na ji, Baba. Sau huɗu ke nan fa."

"To ga na biyar."

Wejin wani guntun itacen maɗaci ne da ake tokare taya da shi, ya yi baƙi ƙirin da man mota, da igiya a jikinsa. Na tsane shi tun ina firamare, lokacin da Baba ke sauke ni a makaranta ya ce in sa masa shi yara na kallo.

Kayan ranar buhu shida ne na garin kwaki da jarka huɗu ta manja, na Maman Ngozi mai sayar da abinci a Samaru. Tafiyar ba ta wuce kilomita goma sha biyu ba.

Kwangila, shida saura kwata

Wani ɗan sanda ya ɗaga mini hannu, ya haska fitila cikin motar.

"Ina direban?"

"Ga ta nan kana magana da ita."

Ya duba takardu, ya dube ni, ya yi dariya. "Allah ya tsare, Hajiya direba." Kaina ya kumbura. Daga nan har Samaru da hannu ɗaya na riƙe sitiyari.

Samaru, shida da minti ashirin

Rumfar Maman Ngozi tana kan wani ɗan gangare ne, daf da gidajen da ɗalibai ke haya. Na tsaya, na sa lamba ɗaya, na sauko da wejin ina riƙe da igiyarsa. Sai na ji an ce, "Hajjo! Ke ce?"

Fa'iza ce. Benci ɗaya muka zauna a sakandare, ita ta sami jami'a, ni ban samu ba. Ga ta da ƙawaye biyu, kowacce da jaka a kafaɗa, ƙamshin turarensu ya riga su isowa. Ni kuma ga ni da tsohon hijabi da wani baƙin itace a hannu. Ban yi shawara da kowa ba, na sake shi ta bayana, na shure shi ya faɗa cikin itacen girkin Maman Ngozi. Na leƙa cikin mota na ja birkin hannu da ƙarfi, ƙirrr, yadda kowa zai ji.

"Wallahi kin burge ni," in ji Fa'iza. "Ke kaɗai kika tuƙo ta?"

"Meye a ciki?" na ce.

Aka sauke kaya. Maman Ngozi ta ba ni shayi da ƙosai, ta ce in gaida Baba. Da zan tafi na sauke birkin, hannunsa ya kwanta lafiya lau, na ce a raina tsoron tsofaffi ne kawai. Wejin kuwa ban manta da shi ba, kada in yi muku ƙarya. Ina hango shi ta madubi. Su Fa'iza na tsaye suna ɗaga mini hannu, shi ya sa na bar shi.

Palladan, bakwai da kwata

Tun daga Zango motar ta yi nauyi kamar ba a sauke mata kaya ba. Maimakon in tsaya sai na ƙara taka totur. Wani ƙauri ya fara shigowa, na ce shara ake ƙonawa. Sai wani ɗan acaɓa ya jero da ni yana dukan bodi.

"Malama, tayarki na hayaƙi! Ko so kike ki gasa mu?"

Na gangara gefen titi na kashe ta. Tayar baya ta hagu ce. Na watsa wa ƙarfenta ruwan leda, ya yi cuuu kamar an tsoma ƙosai a mai. Baba ban kira shi ba. Baba Bulus na kira, bakaniken da ke gyara motar nan a Sabon Gari tun suna samari shi da Baba.

Takwas saura minti goma ya iso a kan babur, da akwatin sifanu a baya da jak. Ya durƙusa, ya shinshina, ya leƙa ƙasa.

"'Yata, wa ya ja birkin hannu?"

"Ni dai kawai na ga hayaƙi."

"Uhm. Ɗauko mini wejin babanki."

"A gida na manta shi."

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya tsallaka titi neman duwatsu. Ni kuma haƙuri ba halina ba ne. Na ga rana na yi, mutane na taruwa, na ce bari in rage masa aiki. Na cusa jak ƙarƙashin motar na fara bugawa. Ashe a firi na bar ta, ban sa lamba ba, tayar da ta maƙale ce kaɗai ke riƙe da ita. Tayar na barin ƙasa motar ta yi baya, jak ya fizge ya yi tsalle, ta dawo ƙasa da wata ƙara da har yanzu nake ji a haƙorana. Baba Bulus ya riga ya dawo, yana sunkuye zai ajiye dutse. Taya ta taka bakin silifas ɗinsa ta tsaya. Da ƙyar ya zare ƙafarsa ya bar takalmin a ƙasa.

Bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi. Ya zauna a bakin kwalbati yana kallon yatsun ƙafarsa.

"Hajara, shekara talatin ina shiga ƙarƙashin motar nan, babanki bai taɓa fita ba wejin ba. Ina yake?"

Na faɗa masa duka, har da turaren.

"Duwatsun nan za su yi mini aiki," ya ce. "Amma motar nan ba za ta shiga Sabon Gari ba sai da shi. Tari keke napep ki je ki ɗauko shi."

Samaru kuma, tara saura kwata

Ɗari huɗu mai keke ya karɓa. Na tarar da itacen Maman Ngozi ya ragu, babu weji. Na zagaya bayan rumfa, sai ga igiyarsa tana leƙowa daga ƙarƙashin tukunyar shinkafa.

"Mama, wannan na Baba ne!"

"Wayyo! Na ɗauka mai itace ne ya yi mini gyara!"

Na fizgo shi yana ci da wuta, na tsoma shi a ruwan wanke-wanke. Ina ɗagowa, fuska duk toka, sai ga Fa'iza ta dawo, wai malaminsu bai zo ba.

"Meye wannan?"

"Birkin motarmu ne," na ce. "Shi na jefar ɗazu don kada ku gani."

Ta zaro leda daga jakarta ta miƙo mini. "Ke dai har yanzu ba ki da hankali. Mu da kullum a ƙafa muke zuwa lakca, mu za ki ji wa kunya?" Wannan ya fi mini ciwo a kan da dariya ta yi.

Palladan, tara da rabi zuwa sha ɗaya

Baba Bulus ya sa ni na tokare tayar gaba da wejin da hannuna, ya sa dutse a ɗayar, ya ce in sa lamba ɗaya in faɗa da baki cewa na sa. Sannan ya sassauta notuna, ya ɗaga motar a hankali, ya tura wani tsohon rim na taya da katako ƙarƙashin ƙarfenta.

"Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Wanda ya kwanta ƙarƙashin jak kaɗai ya gaji da duniya."

Ya cire taya, ya bubbuga durom ɗin birki da guduma har ya saki. Ya kwance wayar ya nuna mini: ta kumbura da tsatsa a cikin rigarta, ko motsi ba ta yi. Ya ba ni kananzir da baƙin mai, na yi ta ɗigawa ina ja ina turawa, jan ruwa na fita, har hannuna ya yi kanta. Wajen minti arba'in kafin ta fara zamewa. Ya mayar, ya gwada sau uku, tana kamawa tana saki.

"Za ta kai ki kwana biyu, amma sabuwa take so. Ni ba zan gaya wa babanki komai ba. Bakinki ne."

Gida, sha biyu saura kwata

Baba na zaune a zaure, Kawu Sale na gefensa. Baba ba ya gani sosai, da na tura wejin ƙarƙashin kujera na yi shiru, sai bayan sati uku in an cire masa bandeji zai sani. Na yi tunanin hakan tun daga Kwangila. Amma silifas ɗin Baba Bulus ya ƙi fita daga idona. Na ɗauko wejin na ɗora wa Baba a cinya.

Ya shafa shi, yatsunsa suka tsaya a inda ya ƙone. Na ba da labari tun daga farko. Kawu ya fara, "Ai da ma na faɗa..." Baba ya ɗaga masa hannu.

"Ƙafar Bulus fa?"

"Lafiya lau, Baba. Takalmin ne ya tsinke."

"Kawo makullin."

Na ba shi. Ya juya shi a tafin hannunsa da ya yi baƙi da gawayi, ya daɗe, sannan ya miƙo mini.

"Ba ke kaɗai ba kuma. Gobe ina gefenki. Duk inda muka tsaya, ke za ki sauka ki sa shi, ko gwamna ne ke kallo."

"Ina za mu fara zuwa?"

"Samaru."

Na gode wa Allah da ya tsayar da tayar nan inda ta tsaya. Na gode wa Baba Bulus, da la'asar na kai masa sabon silifas, ya gwada ya ce ya yi masa kaɗan, amma bai cire ba.