Ƙyauren ɗakin jego

Saura kwana biyu a kawo min yarinyar nan wankan gida na gane ƙofar ɗakin da na gyara mata ba ta rufuwa.

Yarinyar nan 'yata ce ta fari, tana aure a wajen Doguwa, kuma haihuwarta ta fari ke nan. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta yi mata rawar jiki a gaban mutane. Da aka bugo waya aka ce ta sauka lafiya, cewa na yi, "To, madalla," na ci gaba da tsintar shinkafa. Duk abin da bakina ya kasa faɗa, ɗakin na juye wa. Na sa an yi fenti. Maigida ya riga ya sayo ƙofa daga Kano, irin mai santsin nan ta zamani. Ni kuma na shiga kasuwarmu ta Bebeji na yanko kafet ja mai kauri.

Da na shimfiɗa, sai ya fi ɗakin tsawo da kamu ɗaya. Ban yanke ba. Mu ba mu tashi muka ga ana yanke abu mai kyau a yar ba. Ko zani ya yi wa yarinya yawa ninke mata shi ake yi. Sai na ninka rarar na tura ta ƙarƙashi daga bakin ƙofa, da niyyar in an yi arba'in in mayar da kafet ɗin ɗakina, wanda ya fi wancan tsawo. Ƙyauren ta ciki yake buɗewa, yana jingine da bango lokacin da nake aikin. Ina jawo shi in rufe, ya hau kan ninkin ya cije. Na ja, na tura, na sa kafaɗa. Ko motsi.

Tsakiyar damina ake ciki. Kullum da la'asar hadari zai haɗo, iska ta riga ruwan isowa. Mai jego kuwa, an fito da ita daga ruwan zafi jiki a buɗe, iskar nan ta same ta, an gama. Yayata haka sanyi ya shige ta a haihuwar fari, har ta koma ga Allah ba ta daina kukan ƙafa ba. Ranar ban iya zama ba. In ɗora tukunya in dawo in taɓa ƙofa, kamar zan tarar ta sake shawara.

Na kira taubashina, ɗan gwaggona, kafinta ne a Yako. Tun da na shiga makarantar manya da furfura a kaina ya laƙaba min Malama, don tsiya. Da hantsi ya iso a babur, zarto ɗaure a baya.

"Malama, an ce boko ya kasa rufe ƙofa?"

"Kai dai sauko, sarkin ɓarna. Rage min ita daga ƙasa."

Ya ƙwanƙwasa tsakiyar ƙyauren da yatsa, ya yi ƙara kamar ganga. Ya durƙusa ya ɗaga bakin kafet ɗin, ya ga ninkin, ya ɗago ya dube ni.

"Wannan ba katako ba ne, kamarsa ce kawai aka yi. Fata ce gaba da baya, cikinta kwali. Katakon gaske ɗan siriri ne a gindi, bai wuce inci ɗaya ba. Ki yanke ninkin nan, in ɗan kankare mata kaɗan, kowa ya huta."

"In ban yanke ba fa?"

Ya ja tef ya auna tudun. Na karɓe na karanta da kaina, don kada ya yi min wayo. Inci ɗaya da rabi.

"Kin gani? Zan wuce katakon in faɗa rami."

"Kafet ɗina ba za a taɓa shi ba. Kai aka kira, ba tela ba."

"Ki tambayi maigidan mana."

"Yana gona. Ɗakin 'yar wa ake gyarawa?"

Ya yi dariya ya ce, "Allah ya ji ƙan kawu, ya sha fama." Ya kwance ƙyauren, muka kwantar da shi a kan turmi biyu a ƙarƙashin rumfa. Ya ja layi, ya fara bi da wuƙa don kada fatar ta tsage, sannan ya sa zarto. Ni na danne ɗaya gefen. Ina jin zarton yana gudu ba nauyi. Guntun ya faɗi ƙasa. Na leƙa. Rami ne, da kwali a jere kamar saƙar zuma. In ka matsa fatar da yatsu biyu sai ta lotsa.

Na zazzage wa maigida masifa yana can gona bai sani ba, na haɗa da duk wanda ya ƙirƙiro ƙofar kwali. Taubashin nawa ya bar ni na gama.

"Saura mutum ɗaya ba ki zaga ba, Malama."

"Yi min shiru ka gyara!"

Ya ɗauki guntun da ya faɗi, ya ɓare fatar da ke jikinsa har siririn katakon ya fito tas. Ya tura kwalin ciki, ya shafa wa katakon gam, ya cusa shi a ramin, ya bi da ƙananan kusoshi. Ya ce sai an shafe gindin da fenti, in ba haka ba ruwa na taɓa shi zai kumbura kamar burodi a shayi. Muna jiran ya bushe gabas ta yi baƙi. Na zagaya turamen nan ya fi sau talatin, ina taɓa fentin, yana buge min hannu. Ɗigon farko na sauka muka kinkime shi da gudu zuwa zaure. Sai washegari da safe ya dawo ya rataye shi. Ƙyaure ya wuce kan ninkin sumul, ya rufu ƙyas. Na ce, "To, wa ya yi gaskiya?" Ya tada babur ya tafi.

Da azahar ƙaramar mota ta sauke su, ita da gwaggon mijinta. Na gaishe da gwaggon, na yi kamar ban ga kowa a bayanta ba. Yarinyar tana tafe a hankali, jariri a ƙirji, idonta a kansa. Tana sa ƙafa a ɗakin, yatsunta suka sarƙe da tudun nan. Ta tafi gaba ɗaya. Ban san lokacin da na ƙwala sunanta ba, a gaban surukai. Na cafko ta ta baya, ta dira a gwiwa ɗaya, jaririn yana ƙanƙame a hannunta. Ya tsala kuka.

"Ba komai, Inna," ta ce.

Na zaunar da ita a gado, na fita na ɗauko reza, na durƙusa na yanke ninkin daga bango zuwa bango. Gwaggon tana ta "A'a, Hajiya, sabo ne fa!" Na wurga shi tsakar gida.

Na rufe ƙofa na duba ƙasa. Tafin hannuna yana wucewa a sake. Da hadarin la'asar ya taso, iska ta riƙa shigowa ta nan har labule na motsi. Na buga wa taubashina.

"Ƙaro min abin da ka yanke."

"Ƙofa ba ta tsiro, Malama."

"To 'yata fa?"

Bai taɓa jin na ce haka ba. Ya ce, "Gobe ina tafe."

A ranar, da tsohon zani na toshe wurin. Kashegari ya zo da robar tayar babur, ya yanka ta miƙe, ya kafa a gindin ƙyauren tana sharar kafet. Baƙa, mummuna, a jikin ƙofa mai santsi. Ta tare iskar, amma ni ban yarda da ita ba. Kwana arba'in zanin nan yana bayanta. Duk wadda ta shiga barka sai ta ture shi, ni kuma in bar tukunyar ruwan wanka ko ta kunun kanwa in bi bayanta in mayar. Maƙwabta har suka fara cewa, "Ku shiga da sauri, mai gadi na zuwa."

Ta gama wankanta ko tari ba ta yi ba. Ranar komawa na tsaya a bakin zaure ina kallon ƙafafunta har ta kai mota. Tana takawa daidai, duka biyun. Na ce wa gwaggon ta riƙa sa ta saka safa, can wajensu duwatsu ne, sanyinsu ya fi namu.