Wasiƙun Ƙarya da Na Rubuta wa Baba Modu

Ba yunwa ce ta sa ni damfara ba, kada wani ya nema mini uzuri. A Makama aka haife ni, cikin Yola Gari, a gidan da ba a taɓa kwana ba a ɗora tukunya ba. Mahaifina tela ne, mutum mai kunya. Na fara karatun kwamfuta ina zaune a Sangere, na yi shekara biyu, wasa ya ci kaina na bari. Daga nan na sami aiki a wani shagon intanet a Jimeta, ina buga takardu, ina buɗe wa mutane imel. Samari, ku nake wa magana, musamman ku da ake ce wa kun iya waya.

Da ƙananan abubuwa na fara. Wani ya ce in rage masa shekara biyu a takardar haihuwa, na rage. Wani ya ce in gyara masa maki ɗaya, na gyara. Abin da ya fi kuɗin daɗi shi ne yadda ake cewa, “Kai, yaron nan shege ne a kwamfuta.” Kaina ya yi ta kumbura.

A shekarun da mutane suka yi ta kwararowa Yola daga Mubi da Michika da ƙasar Borno, shagonmu ya cika da masu neman ’yan uwa. Akwai wata ƙungiyar agaji da ke haɗa waɗanda suka rabu wajen gudu, ba zan faɗi sunanta ba. A cikin masu zuwa cike fom ɗinta akwai Baba Modu, dattijo daga wajen Bama, yana wankin hula a bakin kasuwa. ’Yarsa Falmata ce ta ɓace masa a daji, tana shekara tara. Ya saki hannunta don ya ɗaga matarsa da ta faɗi, da ya waiga babu ita. Ni na cike masa fom ɗin, don haka na san sunan uwarta, na san tabon ƙuna da ke gwiwarta.

Baba Modu ba ya karatun boko, amma ba wawa ba ne. Yana da maƙwabci, Malam Yohanna, malamin firamare mutumin Numan, wanda ya ba shi ɗaki a gidansa. Malam Yohanna ya kafa doka: ba a yarda da takardar da aka buga a shago, sai saƙo ya shigo wayarsa shi da kansa, ya duba adireshin mai aikowa harafi bayan harafi. A lokacin wannan ita ce iyakar wayon kowa a garin. In adireshi ya yi daidai, magana ta ƙare.

Abin da bai sani ba shi ne, imel kamar ambulan yake. Wurin da ake rubuta sunan mai aikowa, kowa na iya rubuta abin da ya ga dama, in dai masu sunan ba su ɗauki mataki ba. Ƙungiyar nan ba ta ɗauka ba. Na gwada da wasa, na aika wa kaina saƙo da adireshinsu, ya shigo tsaf. Washegari na rubuta saƙo na farko zuwa wayar Malam Yohanna: an ga yarinya mai suna Falmata a wani sansani a Kamaru, tana da tabo a gwiwa, ana bukatar kuɗin takardun tsallakowa.

Da hantsi sai ga su sun shigo shagon, Malam Yohanna yana riƙe da waya, Baba Modu yana kuka kamar yaro. Ya kama hannuna biyu ya ce da irin Hausarsa ta mutanen Borno, “Ɗana, Falmata yana nan! Allah ya yi maka albarka, kai ka rubuta sunansa.” Na ce amin. Wallahi na ce amin da bakina.

Suka ba ni kuɗin in aika wa ƙungiyar, na sa a aljihu. Na ɗauka sau ɗaya zan ci in share baki. Ban lissafa da cewa uba ba ya daina tambaya ba. Kullum bayan la’asar yana zaune a bencin ƙofar shago, yana cewa in tambayo masa. Falmata ya ci abinci? Yana da zane? Ya tambaye ni? Dole in koma in ƙirƙiro amsa da sunan ƙungiya. Na sa ta makaranta a sansanin, na sa ta yi zazzaɓi ta warke. Ya fara kawo mini ƙosai a leda, ina karɓa. Tun daga wata na uku na daina neman ko kwabo a wurinsa, amma ƙaryar ba ta sake ni ba. Da ya ce zai sayar da gwangwanayen da yake shanya hula a kansu ya tafi Kamaru da kansa, sai na rubuta cewa hanya ba kyau, ya dakata. Gaba kura, baya sayaki. In na yi shiru zai je ofishinsu, in na faɗi gaskiya na shiga uku, in na ci gaba kuma ban san ranar ƙarewa ba. Na rame, ina jin tsoron la’asar kamar mai jiran hukunci.

Sai shaiɗan ya nuna mini ƙofa ɗaya. In yarinyar ta mutu, tambaya ta ƙare. Na zauna na rubuta cewa amai da gudawa sun shiga sansanin, Falmata ta rasu, an yi mata sutura yadda addini ya ce. Har da ta’aziyya na sa a ƙasa. Na danna aikawa.

Saƙon ya dawo mini. Na sake, ya dawo. Na canza hanya, na canza na’ura, na yi ta aikawa kwana huɗu kamar mahaukaci, ko ɗaya bai shiga wayar Malam Yohanna ba. Baba Modu yana benci yana cewa, “Yau ma shiru, ɗana?” Ni kuwa ina ciki ina ƙoƙarin kashe masa ’ya, abin ya ƙi.

Da shirun ya yi yawa, Malam Yohanna ya ɗauke shi a keke napep suka je ofishin ƙungiyar. Kwana biyu bayan haka ’yan sanda suka zo shago.

A kotu na gane abin da ya faru. Wata mata mai kula da kwamfutocinsu, Madam Rahila, ita ta yi bayani, alƙali ya ce ta yi da Hausa don dattijon ya ji. Ta ce daf da lokacin da na rubuta wasiƙar ƙarshe suka sa bayanai uku a rajistar sunansu na intanet. Na farko ya lissafa na’urorin da aka yarda su aika saƙo da sunansu. Na biyu hatimi ne a ɓoye cikin kowane saƙo na gaskiya, wanda ba ya kwaikwayuwa. Na uku umarni ne ga duk gidan imel da saƙo zai sauka: in aka ga wanda ba ya cikin jerin kuma babu hatimi, a mayar da shi, a aiko musu rahoton inda ya fito. Ta ce, “Ranka ya daɗe, duk lokacin da ya gwada aikawa, report yana zuwa tebur ɗina da lambar layin shagonsu. Shi ya yi ta kiran mu da kansa.”

Sai mai gabatar da ƙara ya ɗauko wasiƙar ƙarshe, wadda suka samu a kwamfutata, ya karanta, tafinta ya fassara. Baba Modu bai gane ana karanta shaida ba ne. Ya ji an ce Falmata ta rasu, an yi mata sutura. Ya miƙe yana salati, ya tafi zai faɗi. Malam Yohanna ya riƙe shi yana cewa, “Baba, ƙarya ne, wannan ma ƙarya ne, shi ya rubuta.” Dattijon ya juyo ya dube ni. Na yi shekara uku a gidan yari, ana cuɗanya da kwarkwata da zafin Jimeta, amma babu abin da ya dame ni kamar wannan kallon. Mahaifina bai zo ko sau ɗaya ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Da na fito na yi sati biyu ina zagaye kasuwa kafin in iya tsayawa gabansa. Na durƙusa na ce, “Baba, na zo neman gafara.” Ya ajiye hular da ke hannunsa. Bai yi maganar kuɗi ba. Ya ce, “Tsakaninka da Allah, a duk takardun nan, akwai guda da ka ji daga wani wuri?” Na ce babu. Ya ce, “Ko na makarantan?” Na ce ko shi. Sai ya ce, “Shekara ɗaya ban neme shi ba, don ka ce an same shi. Wannan shekaran ba nawa ba ne da zan yafe. Na Falmata ne.”

Yanzu ina gyaran waya, na tuba, ina roƙon Allah ya karɓa. In kuna aiki a ofis ko makaranta ko asibiti, ku tambayi mai kula da imel ɗinku ko an sa waɗannan bayanai uku, don irina suna nan da yawa. In saƙo ya zo yana neman kuɗi, kada adireshi ya ishe ku, ku taka ku je ofishin. Kai kuma saurayi mai hannu a kwamfuta, ranar da aka ce ka gyara harafi ɗaya, ka ce a’a. Ni na gama zaman da alƙali ya yanke mini, amma wadda zan roƙa gafara har yau ba a san inda take ba.