Tawagar da Na Ja Zuwa Ofishin Shugabar Kwaleji

Bari in faɗa tun farko, kafin wani ya faɗa a madadina: ni ne wawan labarin nan, kuma ko da tsufa zai kwashe mini komai, wannan rana ba za ta fita daga kaina ba.

Lokacin da gwamnatin Ingila ta shiga tsuke bakin aljihu, ina zaune gidan 'yata likita a Birmingham. Ita ta sa ni a kwalejin gwamnati mai rassa ko'ina cikin gari, wai in koyi Turancin da zan gaya wa GP, wato likitan unguwa, ciwona da bakina. Ni da na tsaya a aji huɗu na firamare, sai ga ni ɗalibin kwaleji. Ajinmu na dattawa yana reshen Sparkhill, tafiyar ƙafa daga gida.

Wata rana malamarmu ta ce za a rufe ajin, a haɗe mu da wani reshe can wajen Selly Oak, bas biyu. Akwai wata Hajiya a cikinmu mai ciwon gwiwa. In aka rufe, karatunta ya ƙare ke nan.

Na ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki. Babba ake gani, a yi kamun ƙafa."

Na sha babbar riga, na ja mutum biyar har da Hajiya, ga kuma ledar dabino. Shugabar kwalejin ta karɓe mu da fara'a. Na yi gaisuwa, na tambayi iyali, na yi jawabin da ni kaina rabinsa kawai na gane. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta juyo mana da fuskar kwamfuta. Ta ce duk rassan ma'auni ɗaya ne: ajin da ake zuwa ya tsaya, wanda ba a zuwa a rufe. Namu ya gaza da kaɗan. Ta tambayi sunana, ta bi layina a rajista da yatsa, sai ta ɗago ta dube ni.

Gaskiya ita ce, ba a yin suna ko walima ko ta'aziyya a Manchester ban hau mota na je ba. A wurina zumunci ne, aji kuwa ai yana nan ba ya gudu. Ashe duk fashin da na yi rubuta shi ake. A ranar na koyi cewa a nan ba a ceton abu da jawabi, zuwa ake yi a zauna.

Amma bakin tsoho ba ya mutuwa da wuri. A tashar bas na gyara hula na ce, "Mutanen nan dai ba su san girman manya ba."

Hajiya ta dogara sandarta, ta dube ni sama da ƙasa.

"Sun sani mana, Alhaji. Wata uku kujerarka tana ajiye a aji, don girmamawa ko kai ba ka zauna a kai ba."